Tambayi Likita: Ciki aka huda min, amma kafaɗa ce ke hana ni barci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni biyar na ware kuma duk kusan magana ɗaya suke yi, wato ciwon da ke biyo baya in an cire wa mutum matsarmama, wadda wasu ke ce wa maɗaciya, ta irin aikin nan da ba a tsaga ciki sai dai a huda wuri uku ko huɗu a zura kyamara da ƙarafa a ciro ta. A da sai wanda ya je Masar ko Indiya ne ke dawowa da labarin irin wannan aiki, yanzu kuwa ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa namu da wasu na kuɗi, shi ya sa tambayoyin suka fara yawa. Na bar saƙonnin kamar yadda aka turo su, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA

Salam likita barka da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Dan Allah tambaya nake da ita, yau kwana na uku da akamin aikin cire matsarmama irin wanda ake hudawa ba tsagawa ba, wuri huɗu aka huda min harda cibiya, washegari aka sallameni. To wallahi likita abinda ke bani mamaki ba cikin ne yafi damuna ba, kafaɗata ta dama ce kamar an caka min kibiya, in na kwanta rigingine har numfashi bana iya ja da kyau alhalin ni ba a taɓa min kafaɗa ba, har maigidana yace ko faɗowa nayi daga gadon tiyata suka ɓoye mana. Sannan maganin da aka bani farasitamol ne kawai da ibufurofen, ace an cirewa mutum wani abu a cikinsa a bashi farasitamol kamar mai ciwon kai?? Maƙociyata ta kawo min tiramol tace ita da akayi mata tiyatar haihuwa shi tasha ta samu barci, ban sha ba tukuna nace bari in tambaya.

Uwargida, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa ba ki faɗo ba, kuma ba a ɓoye muku komai ba. Kuma kin kyauta da ba ki sha tiramol ɗin nan ba, zan zo kansa.

Kinga kafin likita ya iya ganin abin da yake yi ta kyamara sai an hura ciki da iska ya tashi kamar ƙwarya, irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ce, kabon dayoksaid, in an gama aiki ana sako ta amma ba ta fita duka, ragowar sai ta hau sama ta maƙale ƙarƙashin tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, can saman hanta. To jijiyar da ke kula da wannan tantanin daga wuya ta taso, wuri ɗaya da jijiyoyin da ke kawo saƙo daga fatar kafaɗa, shi ya sa in tantanin ya ji jiki ƙwaƙwalwa sai ta rikice ta ce ai kafaɗa ce. Kamar a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ne ke ki fito ki ce wa ke sallama. Ciwon na gaske ne amma kafaɗar lafiyarta ƙalau. Yawanci kwana na ɗaya da na biyu ya fi tsanani, zuwa kwana uku ko huɗu ya fara barin mutum, wasu ya kai musu mako yana ɗan taɓa su.

Wani abu da mutane ba su sani ba, iskar nan ba a cikin hanji take ba, saboda haka ba gyatsa ko fitar da iska ta ƙasa ke fitar da ita ba, jini ne ke tsotse ta a hankali ki fitar ta numfashi. Abin da zai taimake ki shi ne ki daina kwanciya rigingine shimfiɗe, ki tara filo biyu ko uku ki jingina, ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida ko da minti biyar ne duk bayan awa ɗaya ko biyu, sannan ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki matse ki ɗora a kafaɗar, kafaɗar nace ba cikin ba. Shayin na'ana'a mai ɗumi ma ba laifi, shi kumburin hanji yake sassautawa.

Yanzu maganar farasitamol. Na san raini ne ya sa, don kowane mai tebur yana sayar da shi, amma Hajiya ba rowa aka yi miki ba, wannan haɗin na farasitamol da ibufurofen shi ne abin da ake sallamar mai irin aikinki da shi ko a Ingila ko Jamus inda aka fara yin aikin a 1985. Kowanne hanyarsa daban, ibufurofen yana kashe kumburi da zafin da ke wurin hujin da gurbin da aka ɓanɓaro matsarmamar daga jikin hanta, farasitamol kuma ta can sama yake rage jin ciwon, in suka haɗu sun fi kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba. Kuma tun kina kan gadon aiki an riga an yi wani abu, galibi ana yi wa bakin kowane huji allurar kashe zafi, a kuma ba da wata allura ta jijiya da ke rage kumburi da tashin zuciya. Shi ya sa da yawa suke farkawa garau su ce ai ba komai, sai cikin dare allurar ta sake su su fara kiran nas.

Inda ake samun matsala shi ne yadda ake sha. Mu dai al'adarmu sai ciwo ya kai mana wuya sannan mu miƙa hannu, a lokacin kuwa maganin ba zai iya ture shi ba sai mu ce ba ya aiki. A kwana uku zuwa biyar na farko da agogo ake sha, ko ciwon ya lafa. Babban mutum mai nauyin kilo 50 ko fiye, ƙwaya biyu na farasitamol mai 500 wato giram 1, sau huɗu a yini da dare, kar tazara ta gaza awa huɗu, kar kuma a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Ni yadda nake ce wa marasa lafiyata don kar su manta, bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba, sai lokacin kwanciya wajen sha ɗaya na dare. Ibufurofen kuma 400 sau uku, a kan abinci, safe rana dare, ko kunu ne ki fara sha kar ya tarar da ciki wayam. In kin ga kwana biyu a jere ba kya jin komai sai ki fara ajiye ibufurofen, farasitamol ya zama sai da buƙata. In takardar da aka ba ki ta saɓa da wannan ki bi takardar, su suka auna ki suka ga gwajin jininki. Wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta shi ba a ba shi wannan adadin, ana rage masa.

Sai ki kula da wani tarko. Magungunan mura da na ciwon jiki da ke cikin gidajenmu irin su Procold da Mixagrip da Ibucap duk akwai farasitamol a cikinsu, Panadol kuwa shi ne ma da kansa, to in kina shan ƙwaya takwas ɗinki kuma mura ta kama ki kika ƙara da waɗannan, kin zarce ba ki sani ba, kuma hanta ce ke biya, ita kuwa ba ta kuka da wuri sai bayan kwana biyu ko uku.

To tiramol. Ba wai haramun ne a asibiti ba, muna ba da shi, mai 50 ko 100, na kwana biyu ko uku ga wanda waɗancan biyun ba su riƙe shi ba, a kan su ake ɗora shi ba a madadinsu ba. Amma wanda aka ciro daga jakar maƙociya ba ki san nawa ne ƙarfinsa ba, masu 200 da 225 da ke yawo a kasuwa ba na asibiti ba ne, hukuma ba ta amince da su ba. Yana kawo jiri da amai, ki yi tunanin yunƙurin amai da sabon ɗinki a cibiya, yana ɗaure ciki a lokacin da muke addu'ar hanji ya motsa, yana iya jawo farfaɗiya musamman ga mai ita ko mai shan maganin damuwa. Kar a gudu gara a faɗa gidan zago. Ki mayar mata da abinta ki yi mata godiya, in kin bi agogo kwana ɗaya cur ciwon bai bari kin yi barci ba ki kira asibitin su duba ki su rubuta miki da hannunsu.

TAMBAYA

Dakta ina wuni. Mahaifiyata ce shekararta 68 akayi mata wannan aikin satin daya wuce, tana da olsa tun da daɗewa ga hawan jini tana shan magani kullum. Asibiti farasitamol kawai suka bata sukace kar tasha wani, to ita kuma tace baya mata komai, ƙanina yaje kemis aka haɗo mata diklofenak da Felvin tasha kwana biyu tace taji daɗin jikinta sosai. Shine nace ko a ci gaba da bata tunda ya karɓeta?

Ɗanta, daga Gusau

AMSA

Malam a dakatar da su yau ɗin nan, ba gobe ba. Na san za ta ji daɗinsu, ai suna aiki, matsalar ba nan take ba. Diklofenak da Felvin da ibufurofen da asfirin, har da garin Alabukun da tsofaffinmu ke kaɗawa a ruwa, duk 'yan gida ɗaya ne, ba a haɗa biyu a cikinsu ko ga saurayi mai jini a jika, don haɗawar ba ta ƙara kashe ciwo sai dai ta ninka illa. Suna cinye kariyar da ke bangon tumbi, mai gyambon ciki sai gyambon ya fashe ya yi ta zubar da jini a ciki, sannan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, tsohuwa mai shekara 68 da ta fito daga tiyata ba ta cin kirki ba ta shan ruwa sosai, ga maganin hawan jini musamman in lisinofuril ne ko irin mai sa fitsari, wallahi ƙodar na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Asibitin da suka ce kar ta sha wani sun san abin da suka gani.

Ku duba bayan gidanta, in ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari, ko ta yi amai da jini ko mai kama da garin kofi, ko fitsarinta ya ragu, ko ƙafafu sun kumbura, ko tana jin jiri in ta miƙe, ku ɗauke ta a lokacin. Ko ba ko ɗaya ma ina so ku koma ku faɗa musu gaskiyar abin da ta sha, ku tafi da kwalin, ba wanda zai dake ku, gwajin ƙoda kawai za a yi mata a huta.

Amma fa ban ce a bar Mama da ciwo ba. Ka tambaye ta sau nawa take shan farasitamol ɗin, na kusa rantsewa ƙwaya ɗaya take sha in ta tuna. A gyara wannan tukuna. In bai isa ba likitanta na da hanyoyi, zai iya ba ta ɗan ƙaramin tiramol na kwana kaɗan ana lura da ita don yana sa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa a banɗaki, ko in ya ga ƙodarta lafiya ya ba ta mai kashe kumburin tare da omefurazol da zai kare tumbin. Wannan hukuncinsa ne bayan gwaji, ba na yaron kemis ba.

Bari in ɗan yi wata maganar a gefe, mata da yawa da suka shekara goma suna cewa olsa gare su, in aka yi sikanin sai a ga tsakuwar matsarmama ce tun farko take musu ciwon saman ciki bayan sun ci maiƙo. Mai yiwuwa Mama na cikinsu, mai yiwuwa kuma duka biyun gare ta, tunda ba a leƙa tumbin an gani ba mu ɗauka tana da shi.

TAMBAYA

Aslm likita ni jaririna watansa biyu aka cire min, ina shayarwa. Wata 'yar uwata ta bani wani magani da ta taho dashi daga waje tace akwai kodin a ciki yafi ƙarfi, zan iya sha?

Mai jego, daga Maraɗi

AMSA

A'a 'yar uwa, kar ki sha. Kodin a jiki yake rikiɗa ya zama mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi ƙwarai, wasu mutanen jikinsu na juya shi da sauri fiye da kima kuma ba a gane su da ido, sai ya bi nono ya sa jariri barcin da ba na lafiya ba, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi ƙasa. Tiramol ma ba a son sa ga mai shayarwa saboda wannan dalilin. Farasitamol da ibufurofen kuwa ki sha hankali kwance ki ba da nononki, abin da ke shiga nonon kaɗan ne ƙwarai. Wajen shayarwa ki sa filo a cinya ya tare cikin ko ki kwanta ta gefen hagu ki jawo shi, don ƙafar jariri kamar da gangan take neman cibiya.

Akwai kuma abin da nake so duk wanda aka cire wa matsarmama ya riƙe har bayan ya warke. A bakin bututun da ke zuba ruwan ɗacin nan da matsarmama ke tarawa cikin hanji akwai wata 'yar tsoka mai zagaye kamar bakin zuge, kodin da danginsa suna sa ta damƙe, mai matsarmama ruwan na da wurin komawa ya jira, wanda aka cire wa kuwa babu, sai bututun ya cika ya ɗaure, mutum ya ji ciwo mai tsanani a saman ciki ba da jimawa ba bayan ya sha, irin dai ciwon da ya kai shi tiyata, har ya ce ko ba a cire ba ne. Ba kowa yake samu ba amma yana faruwa. To ko shekara biyar aka yi, in za a rubuta miki maganin ciwo ko na tari ki ce an cire min matsarmama.

TAMBAYA

Likita Allah ya taimake ka. Yarona sikila ne shekararsa 17, sikanin ya nuna duwatsu a matsarmamarsa an sa mana rana wata mai zuwa. Tsorona ciwon bayan aikin, don shi in ciwonsa ya tashi farasitamol kamar ruwa yake a jikinsa sai anyi masa allurar fenta. Shin shima washegari za a sallameshi da farasitamol?

Mahaifi, daga Zariya

AMSA

Amin Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Ka yi dabara da ka tambaya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu sikila suna yawan samun wannan tsakuwar tun suna yara saboda ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, launin da ke fita daga cikinsu shi ke taruwa ya daskare ya zama 'yan duwatsu baƙaƙe, kuma aikin huji ya fi musu sauƙi a kan tsagawa. Amma duk abin da na faɗa wa Hajiya ta Kano a sama kar ka ɗora shi a kan ɗanka kai tsaye, lissafinsa daban.

Shi ciwo a wurinsa ba wahala ce kawai ba, haɗari ne. In saman ciki na masa zafi ba zai ja numfashi ya cika huhu ba, sai ƙasan huhun ya kwanta, iska ta ragu a jini, jinin ya lanƙwashe ya toshe hanyoyin huhu, wannan shi ne ciwon ƙirjin masu sikila da muke tsoro a kwana biyu zuwa uku na farko bayan tiyata. Shi ya sa ba a gaggawar sallamarsu, kuma ba a yi musu ƙwauron magani mai ƙarfi, in ta kama mofin ne a ba shi a asibiti ana auna numfashinsa, tare da farasitamol da agogo, ibufurofen kuma sai an ga gwajin ƙoda don sikila kan taɓa ƙoda a ɓoye. Ga ƙarin ruwa, ga iskar oksijin, a rufe shi kar sanyin ɗakin tiyata ya kama shi, wani lokacin a ƙara masa jini kafin aikin.

Abin da za ka yi, kafin ranar ka nemi zama da likitan da zai sa shi barci, ba mai yankan kaɗai ba, da likitan jininsa, ka faɗa musu wane magani ke masa aiki in ciwo ya tashi, nawa ake ba shi, sau nawa a wata. Kar ka rage kar ka ji kunya. Wanda jikinsa ya saba da irin waɗannan alluran adadin da zai kwantar da ni ba zai taɓa shi ba, in ba su sani ba za su ba shi kaɗan ya kwana yana kuka. Fenta ɗin kuma, wato allurar fentazosin mai kashe ciwo, a asibiti kawai, kar a sayo a riƙa yi masa a gida bayan sallama, na ga matasa masu sikila da cinyoyinsu suka taurare kamar itace suka yi gyambon da ba ya warkewa saboda ita, ga kamu da take yi.

Ka saya masa balan-balan tun yanzu ya fara koyon hura shi, in asibitin ba su da 'yar na'urar jan numfashi. Bayan aiki duk awa biyu in yana farke ya ja dogon numfashi sau goma, ya rungume filo a ciki in zai yi tari. Bayan kun koma gida in ya yi zazzaɓi ko tari ko ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ba a jiran gari ya waye.

TAMBAYA

Dakta matata kwana shida da aiki, kwana ukun farko lafiya lau har tana shiga kicin, to tun shekaranjiya cikin ya dawo da ciwo yana ƙaruwa ya kumbura, bata son abinci tana amai jikinta da zafi, yau da safe naga idonta kamar yayi ɗorawa. Wane magani mai ƙarfi zan siyo mata? Sannan tsohuwata tace a gasa mata cikin da ruwan zafi a shafa man zafi wai iska ce ta shiga.

Magidanci, daga Bauchi

AMSA

Wannan saƙon ban jira mujalla ta fito ba, ina gani na mayar masa da amsa cewa ya ajiye maganar kemis ya sa ta a mota zuwa asibitin da aka yi aikin, na kawo shi nan ne don masu karatu.

Ciwon aikin nan ƙasa yake yi kullum, yau ya fi jiya sauƙi, ko da kaɗan ne. Wanda ya lafa sannan ya dawo yana hawa, ga zazzaɓi ga amai ga ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, wannan ba na magani ba ne. Ko dai ruwan ɗacin ne ke yoyo cikin ciki daga inda aka ɗaure, ko wata tsakuwa ta zille ta toshe babban bututun, ko bututun ya samu rauni wajen aiki, ko ƙwayoyin cuta sun taru. Ba kasafai yake faruwa ba kuma duk ana gyara su, wani da bututun roba da za a sa ya zuƙe ruwan, wani ta kyamarar da ake zurawa ta baki a ciro tsakuwar, amma kwana ɗaya da aka ɓata yana da tsada. Magani mai ƙarfi a nan rufe bakin ciwon kawai zai yi ta yi barci cikin yana lalacewa. Haka in sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yanke farat ɗaya, ko bakin huji ya yi ja yana fitar da mugunya, duk asibiti ne.

Maganar gashi kuwa, a gaida Inna da kyau a ce mata likita ya roƙi arziki. Ba jego ba ne. Fatar da ke kewaye da hujin ba ta gama dawowa da ji ba, za a iya ƙona ta matar ba ta sani ba, ruwan kuma ya jiƙa fulasta ya buɗe ɗinki. Man zafi da zuma da man habbatus sauda duk kar su kusanci hujin, ƙaho kuwa kar a ma fara. Wanka da ruwan ɗumi a tsaye ba laifi in asibiti sun ce an kai lokacin, a tsane wurin da tawul mai tsabta ba gurzawa.

Tunda an zo nan bari in haɗa da ƙananan tambayoyin da ake min a baki kullum. Salla a zaune a kujera ake yi kwanakin farko, a yi nuni da ruku'u da sujada, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu mutum na komawa daidai, jikinsa zai gaya masa. Zani kar a ɗaure shi a kan cibiya, hujin nan ne ya fi girma don ta nan aka fi ciro matsarmamar kuma shi ke daɗewa yana tsami, a sa doguwar riga sakakkiya, maza kuma a sassauta mazugi. Jarkar ruwa da buhun shinkafa da daka da goyon yaro mai nauyi a bari sai bayan kamar wata ɗaya ko yadda likita ya ce, kar hanji ya turo ta hujin ya zama ƙaba a koma tiyata ta biyu. Mota ko babur sai mutum ya iya taka burki da ƙarfi bai ji ya dafe ciki ba, kuma ba ya kan tiramol, kusan mako guda kenan. Maƙogwaro in yana kartar mutum bututun numfashi ne da aka sa lokacin barci, kwana biyu ya wuce.

Ciki in ya ɗaure, wanda shi ma ciwo ne mai zaman kansa da mutane ke ɗauka na aikin ne, a sha ruwa da yawa, a ci gwanda da lemo da miyar kuɓewa ko ta kuka, a yi ta zagaye, in kwana uku ba labari a nemi maganin sassauta ciki a asibiti kar a yi ta nishi a kan ɗinki. Wasu kuma akasin haka suke samu, gudawa, musamman in sun ci maiƙo, don yanzu ruwan ɗacin ba shi da ma'ajiya ɗiga yake yi cikin hanji kai tsaye, yawanci hanjin na sabawa cikin 'yan makonni. Kunu, fate, tuwo mai laushi, farfesun kifi ko kaza da aka cire wa fata, kaɗan-kaɗan sau da yawa. 'Yan dubiya kuma da ke zuwa da soyayyar kaza da ƙosai da balangu mai kitse, a karɓa a yi godiya a miƙa wa yara.